Yadda Abarci Ya Ba Gida Kanwa

Duk Dakoro in ana zancen dillalan bisashe, sai an ambaci Abarci kafin a ambaci kowa. Shekara talatin yana cikin kasuwa, bai taɓa maido ma mutum dabbarshi gida ba. Kawo mashi tsohuwar saniya wadda haƙarƙarinta ke ƙirguwa daga nesa, ka ba shi kwana biyu kurum. Zai ba ta kanwa ta lasa har ƙishirwa ta kama ta, ya kai ta bakin rijiya ta yi ta sha har cikinta ya tashi tim, ya goge mata ƙaho da man gyaɗa, ran kasuwa ya tsayar da ita inda rana ba ta haska ƙugunta. Kai da ka kawo ta ma sai ka ji kana sha'awar saye. Shi dai Abarci bai taɓa kiran wannan ha'inci ba, gyara yake ce mashi. Liman ya yi wa'azi a kan irin wannan gyara ya fi sau shurin masaƙi, kuma kullum Abarci na sahun gaba yana gyaɗa kai, yana jin tausayin masu yi.

To, ka san halin ɗan Adam. Wanda ya iya abu guda sai ya ɗauka haka duk duniya take tafiya. Abin da ya kai Abarci ya baro ke nan.

Yana da yaya, Aisata, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi yana jinjiri. Mijinta Ɗan'azumi ya rasu shekara huɗu baya, ya bar mata gida da ɗiya guda, Rabi'atu, wadda ke aure a Maradi. Ana nan sai yana ta fara rufe ma Aisata ido. Na hagu ya tafi, na dama saura ƙiris, mutum sai dai ta gan shi kamar inuwa. Likitan da ya duba ta a Maradi ya ce na daman yana gyaruwa in ba a yi sanya ba, amma sai ta koma can da zama kusa da su, ana aiki ana dubawa. Aisata ba ta da saniya, ba ta da gona. Gidan nan shi ne komi nata. Ta aika aka kira ƙanenta, ta lalubo takardar gidan daga ƙasan akwati, ta ɗora mashi a hannu.

"Abarci, ga shi. Ka sayar mani kafin ruwa ya sauka. Na gaji da shafa fuskokin mutane, ina son in gan su."

"Yaya, wannan ai ƙaramin aiki ne. Ni da na sayar da raƙumi mai ido gu..." Ya haɗiye sauran maganar.

"Ƙarasa mana," in ji Aisata. "Nawa aka saye shi?"

Gidan kau, Allah ya jiƙan Ɗan'azumi, ya san abin da ya gina. Ginin ƙasa ne, bango mai kauri, ko tsakiyar bazara ka jingina baya za ka ji sanyi. Ga tsakar gida da ake iya ɗaure bisashe ashirin, ga ƙofa mai faɗi da amalanke ke shiga da kayanta, ga kuma zaure, ƙaton zaure mai daɓe, inda makiyaya ke sauka su kwana jajibirin kasuwa tun maigidan na da rai.

Wanda ya fara zuwa gani shi ne Ikrama, wani matashin ɗan kasuwar hatsi mai zirga-zirga tsakanin Maradi da Jibiya, wanda ke neman gidan da zai sa amarya. Ko kashe babur bai yi ba. Ya sauke ƙafa guda, ya dubi gidan, ya yamutsa fuska.

"Baba Abarci, wannan ai gidan kakanni ne. Yanzu wa ke son zaure?" Ya zaro salula ya nuna mashi hoton wani gida a Maradi. "Ga abin da ake yayi. Etaj, gida kan gida, da ginshiƙai, da balko inda mutum zai zauna sama yana kallon mutane a ƙasa. Da irin wannan ne, ko tayawa ba ni yi, sai dai in ce a kawo takarda."

Bayan shi wasu biyu suka zo, wani ma'aikacin projen agaji da wani mai sayar da tayoyi, duk bakinsu ɗaya: gidan tsohon yayi ne. Sati uku ba wanda ya ko taya. Abin ya tsaya ma Abarci a wuya, don bai saba ba. Ran nan yana zaune a zaurenshi yana kurɓar shayi, sai abin ya faɗo mashi. Ashe gidan ba ciwo gare shi ba, rama ce. Rama kau ai maganinta na hannunshi.

Ya tafi wurin Na'Allah maso, maginin da ya fi kowa haƙuri a garin, ya zana mashi abin da yake so a ƙasa da tsinke.

Na'Allah ya ce, "Bangon ƙasa ba ya ɗaukar etaj, Abarci. In na ɗora, kan Yaya Aisata zai sauka."

"Wa ya ce ka ɗora? Fuska kurum nake so. Ka tada bango guda a gaba, dogo, ka yi mashi tagogi sama da ƙasa, da ginshiƙai, da balko."

"Bayan bangon fa?"

"Iska."

Na'Allah ya cire hula ya sosa ƙeya. "To in mai saye ya ce zai hau?"

"In ya biya ya hau. Ka taɓa ganin wanda ya yanka saniya ya duba kitse kafin ya biya?"

Na'Allah bai taɓa gani ba, don haka ya mai da hularshi. Can ya ce, "Sai dai zauren ya tare wurin."

"A kwantar da shi."

Nan ne abin ke ƙona ma mutum rai. Zauren da ya yi shekara talatin ko tsagewa bai yi ba, cikin yini guda aka mai da shi tarin ƙasa. Abarci ya sayar da bajiminshi, wanda ba ya bukatar kanwa, ya sayo siminti da bulo da fenti. Don gaskiya, ba mugunta ce ta sa shi ba. Son yayarshi ne, sai dai son ya haɗu da taurin kai.

Aisata tana ɗakin baya ta ji ƙarar diga. Ta ce, "Abarci, me ake rushewa?"

"Ɗan gyara ne, Yaya."

"Irin naka?"

Ya koma wurin masu diga, ita ma ba ta ƙara tambaya ba.

Cikin sati uku etaj ya tashi. Daga titi, kai, sai wanda ya gani. Bango ruwan hoda, ginshiƙai huɗu koraye, 'yar ƙofar ƙarfe a ƙarƙashin wata baka mai ado, tagogi uku a sama, kowace da labule. Labulen kau zannuwan Rukayya ne, matar Abarci, waɗanda ya ara ba da saninta ba. Ga balko a tsakiya, faɗinshi bai fi tabarma in an ninke ta biyu ba. Daga baya kuma, ƙarafa uku ne suka tokare bangon, kamar yadda ake tokare rumbun da ya karkace. Tsoffin ɗakunan ƙasa suna nan can ƙasa yadda suke, kaji na kiwo a gindin ƙarafan.

Duk unguwa an san abin da ke bayan bangon. Amma mutanen Dakoro, Allah ya shirye su, ba wanda ya ce uffan. Ikrama yana Jibiya lokacin da ake ginin, kuma kowa na son ya ga ranar da zai dawo.

Da ya dawo, Abarci ya aika mashi cewa ya zo da hantsi ya ga wani abu. Kafin ya iso, Abarci ya ƙara wata dabara. Ya ce gida ba mutum a sama bai cika gida ba, don haka ya lallashi Na'Allah ya hau balko da 'yar kujera da butar shayi, ya zauna kamar mai hutawa. Da ya hau, aka janye tsanin aka ɓoye gidan maƙwabta. Na'Allah ya tambaya har yaushe. Abarci ya ce ai ciniki irin wannan ba ya wuce shan shayi guda.

Wannan karon Ikrama ya kashe babur. Ya sauko, ya cire tabarau, ya saki baki. Abarci ya riƙo hannunshi ya ja shi ƙetaren titi ƙarƙashin wata rumfa, wai daga nan ne ake ganin kyan gini. Kafin ka ce me, maƙwabta sun fito ɗaya-ɗaya, kowa da uzurinshi. Wani gyaran keke ya taso mashi, wani ya tuna yana da tabarmar kakkaɓewa, mai shago ya fito da benci.

Ikrama ya ɗaga kai. "Maso, yaya iskar sama?"

"Akwai ta," in ji Na'Allah.

"Ana hango kasuwa daga nan?"

"Ana hango komi."

Aka shiga ciniki. Ikrama ya taya, Abarci ya ce albarka. Ya ƙara, Abarci ya ce albarka. Nan fa halin dillanci ya motsa. Da ya sallama tun tayin farko, wa ya sani, amma Abarci bai taɓa sallama dabba a tayi na biyu ba, ba kuma zai fara a kan gida ba. Rana ta yi ta hawa, ranar bazara wadda ke sa jaki ya nemi inuwar turke. Balko ba rufi. Shayin Na'Allah ya ƙare, ruwan butar ya ƙare, ya tuɓe hula ya yi fifita da ita, ya mai da, ya jawo gefen zanen Rukayya ya lulluɓe kai.

Ikrama ya ce yana son ya shiga ya ga sama. Abarci ya ce Yaya na barci. Bayan ɗan lokaci ya sake cewa, Abarci ya ce fentin matakala bai bushe ba. Ikrama ya ce ba komi, zai tuɓe takalmi. Abarci ya ce ai mabuɗin sama yana hannun maso, maso kuma ga shi can yana hutawa, ba a katse ma mutum hutu.

Ana cikin haka aka kira azahar.

Na'Allah mutum ne mai haƙuri, amma ba ya wasa da salla. Ya miƙe a hankali, yana dafe da ƙarfen balko, ya ce, "Abarci, a kawo tsani."

Ikrama ya ce, "Tsani kuma? Ka bi ta ciki mana, maso."

"Ba ciki, Alhaji ƙarami. Ni da bango ne kurum a nan." Ya sa hannu ya yaye labulen tagar da ke bayanshi. Ta cikin tagar kowa ya ga sararin sama, shuɗi tas, da wata shirwa tana shawagi.

Mai gyaran keke ya faɗi kan kekenshi don dariya. Mai shago ya riƙe ciki yana salati. Ikrama ya daɗe yana kallon tagar, sannan ya mai da tabarau, ya hau babur.

"Baba Abarci, da amarya na kawo, ina za ta sa gado?"

Ya tada babur ya yi gaba. Na'Allah kau sai da aka yi ta neman wanda ya san inda aka kai tsanin, don maƙwabcin ya tafi masallaci ya kulle gida.

Kwana biyu Abarci bai fita ba. Ran kasuwa dole ta fito da shi, kuma ran nan ne wani tsohon makiyayi mai suna Intalla ya neme shi. Dogon mutum ne, mai rawani, mai raƙuma, daga can arewa yake zuwa, kuma ya daɗe yana kawo ma Abarci bisashe. Ya ce ya ji labari a daji cewa za a sayar da gidan Ɗan'azumi, shi ya sa ya yi sammako. Jikokinshi sun shiga lakkol, makarantar boko, a Dakoro, yana son wurin da zai ajiye su da uwarsu, wurin da shi da danginshi za su riƙa sauka in sun shigo kasuwa.

Zuciyar Abarci ta yi fari. Ya ce a ranshi, ga mutumin daji, bai taɓa ganin etaj ba, yau Allah ya yanke ma Yaya wahala. Ya manta abin da shi kanshi ya fi kowa sani, cewa makiyayi ba ya duba dabba ta fuska. Baya yake zagawa ya ga ƙugu da gindin wutsiya, don nan ne ƙibar gaskiya take.

Suna isa, Abarci ya buɗe hannuwa zai fara kirari. Intalla ko ɗaga kai bai yi ba. Ya miƙa ma Abarci akalar raƙuminshi, ya bi ta lungu, ya zaga baya. Abarci yana tsaye yana jin ƙarar ƙarfe, alamar ana girgiza tokaren ɗaya bayan ɗaya. Raƙumin kuma ya miƙa wuya ya kamo bakin labulen da ke reto daga balko, ya fara tauna a nitse.

Intalla ya dawo yana kaɗe hannu. "Kanwa ka ba shi."

"Gyara ne, Intalla."

"Na san gyaranka. Nawa raƙuman ma ka yi masu, ban ce komi ba, tunda ni ke sayarwa." Ya dubi ginshiƙan, ya dubi 'yar ƙofar ƙarfen, wadda ko jaki mai mangala sai an sauke mashi kaya kafin ya shiga. Sannan ya tambaya, "Ina zauren?"

Abarci ya nuna wurin da ginshiƙai suke da haɓa.

Intalla ya dubi wurin. Da ya yi magana, muryarshi ta yi ƙasa. "Shekara ashirin ina kwana cikin zauren nan. Nan na yi jinya shekarar da raƙumi ya kada ni, Ɗan'azumi na ba ni fura da hannunshi. Saboda zauren na zo, da ƙofar. Da ka bar shi yadda yake, abin da ka faɗa shi zan biya."

Wanzami ba ya son jarfa, amma ran nan Abarci ya sha ta har ƙashi. Mai sayen da yake nema sati shida ashe yana nan tafe, shi kuma ya rushe abin sayarwar da kuɗin bajiminshi.

Duk da haka baƙo baƙo ne, kuma dillali ba ya barin mai dabba da yunwa. Ya ja Intalla zuwa gidanshi don ya ci abinci. Gidan Abarci kau ba wani abin kallo ba ne. Shi ya kwaɓa ƙasar da ƙafarshi shekarar da ya auri Rukayya, shi ya kafa ƙofar, shi ya dasa iccen bedin da yanzu ya rufe rabin tsakar gida. Zaurenshi nan ne yake zama kowace yamma da abokai, nan ake yanke shari'ar duk shanun Dakoro. Raƙumin ya shige ta ƙofa ko sunkuyawa bai yi ba, ya durƙusa gindin bedi kamar ya san wurin.

Intalla ya sha fura, ya yi hamdala, ya tashi wai zai wanke hannu. Abarci ya ga ya fita ya zaga baya. Ya ga ya dawo yana ƙwanƙwasa bango da sanda. Ya san wannan tafiyar.

"Wannan fa?" in ji Intalla.

"Wannan nawa ne."

"Na sani. Sallama mani."

"Albarka."

"To. Gobe da hantsi zan wuce Birnin Lalle, an ce akwai wani gida can. In ka sake shawara, ina kasuwa."

Da la'asar Abarci ya tafi wurin yayarshi. Hadari ya ɗan leƙo daga gabas, na farko a shekarar. Ya sunkuya ya bi ta 'yar ƙofar ƙarfen, ya same ta zaune bakin ɗakinta, ƙullin kayanta a gefe. Tun ranar da ta ba shi takarda ta ƙulle su, kullum sai ta fito da su ta zauna kusa.

Ya durƙusa ya faɗa mata komi, da etaj, da Ikrama, da Intalla. Bai rage ba, bai yi ma labarin gyara ba.

Ta ce, "Ai na sani. Ido ne ba ni da shi, kunnena lafiya lau. Ran da maso ya maƙale sama, ni na miƙa mashi ruwa da gora ɗaure a sanda, ta baya."

"Me ya sa ba ki hana ni ba tun farko, Yaya?"

"Yaushe ka taɓa hanuwa? Tun kana goye kake jan kunnena kana nuna mani hanya." Ta yi 'yar dariya. "Bar shi. Allah ya kawo wani. In bai kawo ba, ai na san gidan nan da ƙafa, ko ba ido ba ni ɓata. Ƙarafan nan naka ne kurum ke buge mani goshi."

Sai ta jawo ƙullin, ta fara kwance shi da lalube. Ta fito da zane ta ninke ta ajiye, ta fito da kwanon sha, ta fito da carbi. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Da zagin ta yi da ya fi mashi sauƙi. Kunya da baƙin ciki suka rufe Abarci har ya rasa inda zai sa ido. Ya kama hannunta ya ce ta dakata da kwancewar zuwa gobe.

A gida ya sami Rukayya tana tankaɗe. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yi zancen tsadar hatsi, ya yi zancen yadda bedi ke zubar da ganye yana ba mutum aikin shara. Ta ajiye rariya.

"Malam, faɗi abin da ke bakinka. Gidan nan za ka sayar ma Intalla ka ba Yaya kuɗin, mu kuma mu koma gidan iska."

"Wa ya gaya maki?"

"Tun da na ga raƙumin nan ya durƙusa na sani. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai kai har da matarka ka jawo ma." Ta share hannu da gefen zane. Idonta ya kawo ruwa, don ita ma shekara ashirin da bakwai ta yi tana share tsakar gidan nan. "Yaya Aisata ce ta karɓi haihuwata duka biyar. Ba zan zauna inuwa ita tana lalube ba. Amma da sharaɗi biyu. Ka biya ni zannuwana, har da wanda raƙumi ya ci. Kuma duk ranar da ka sake ce ma wani abu gyara a gabana, gidanmu zan tafi."

Washegari tun kafin hantsi Abarci ya sami Intalla a kasuwa. Intalla ya taya sau ɗaya, tayi mai kyau, Abarci ya ce ya sallama. Dillalan da ke kusa suka dubi juna, don ba su taɓa jin kalmar ta fito daga bakinshi da wuri haka ba. Aka kira Rabi'atu a salula ta yarda, aka je meri, ofishin magajin gari, aka juya takardu: gidan Abarci ya koma na Intalla, kuɗin suka tafi hannun Aisata, etaj ya zama na mai shi.

Ran tashi, gadon Rukayya ya ƙi shiga ta ƙofar ƙarfe, sai ta kan katangar baya aka jefa shi. Tun daga ran nan kuma gaisuwar Abarci ta canza a Dakoro. Duk wanda ya gamu da shi da safe sai ya ce, "Abarci, an sauko lafiya?" Shi kuma ya ce lafiya lau, don ba shi da ta cewa.

Ya raka yayarshi tasha, ya sama mata gidan gaba, ya ɗora mata ƙullinta a cinya. Kafin mota ta tashi ta miƙo hannu ta taga, ta shafa fuskarshi tun daga goshi har gemu.

"Kada ka rushe shi," in ji ta. "Kowa ya gani ya yi dariya ban da ni. In an buɗe mani ido zan dawo in yi tawa."

Ya ce to. Ya tsaya har motar ta ɓace a hanyar Maradi.

Daga tasha ya kamo hanyar gida, kanshi a ƙasa, yana tunanin ko likitan zai dace. Bai lura da inda ƙafafunshi suka bi da shi ba sai da ya ji ƙamshin shayi. Ya ɗaga kai, ga shi bakin zaurenshi na da. Abokanshi duk suna ciki, kowa a wurin da ya saba zama, don su ba su ga dalilin canza zaure ba. Intalla na zaune inda Abarci ke zama, yana zuba shayi.

Abarci ya ɗaga ƙafa zai shiga kamar kullum, sai ya mai da ita. Ya tsaya bakin ƙofar da ya kafa da hannunshi, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama, ya jira a ba shi izini.